Ranar da Rifkatu Ta Kwance Mini Yatsa

Ba zan taɓa mantawa da Lahadin nan ba, kuma da ana iya goge rana ɗaya daga rayuwar mutum, da ita zan fara gogewa. Kai, ƙarya nake yi. Wadda ta fi cancanta a goge ita ce Lahadin da ta riga ta da mako biyu, ranar da na miƙe gaban jama'a na buɗe baki a kan abin da ban sani ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma ba kowa nake jin haushi ba sai tsohon banzan da ke rubuta muku wannan.

Ni dattijo ne a wata ƙaramar majami'a a ƙauyenmu, kusa da tabkin Madarumfa. Lakkol, wato makarantar boko, a aji huɗu na tsaya. Littafi Mai Tsarki ina karanta shi da Hausa, a hankali, ina bin layi da yatsa. Amma da yake na riga kowa shiga baftisma, kuma ina da murya, ni ke yin sanarwa kowace Lahadi, mutane kuma suna ɗaukar maganata da nauyi (abin da ya kumbura mini kai ke nan).

Shekarar da abin ya faru damina ba ta yi kyau ba, kowa ya sa rai ga noman rani. Sai wata ƙungiya ta zo da taimakon takin zamani da irin albasa ga masu garka a bakin tabki. Sharaɗinsu ɗaya ne: a rubuta sunanka, ka ɗora yatsu a kan wata 'yar na'ura mai haske, a ba ka kati mai lamba. Ba kati, ba taki.

A makon ne wani ya turo mini wa'azi a wayar salula, na wani mutum daga tsallaken iyaka wanda ban san ko fuskarsa ba. Yana ta ihu cewa ƙarshen duniya ya zo, cewa duk na'urar da ke ɗaukar yatsa ita ce alamar dabbar nan da aka yi annabci, wadda in ba ka da ita ba saye ba sayarwa. Na saurara sau uku. Na ce to, ashe ni Allah ya zaɓa in ceci ƙauyen nan.

Ranar Lahadi, maimakon in sanar da ranar sharar majami'a, sai na ɗaga murya na ce duk wanda ya ɗora yatsansa a kan na'urar nan ya sayar da ransa a kan buhun taki. Mata suka fara salati irin namu, wasu har da hawaye.

Bayan an tashi, Pasto ya ja ni gefe. Mutum ne mai sanyin hali, ya yi karatun Littafi shekaru.

"Baba Dattijo, wurin nan na Littafi da ka ambata maganar sujada yake yi, wa mutum zai bauta wa. Ba maganar taki ba ce. Taho mu zauna mu karanta shi tun daga farko."

"Pasto," na ce, "ranar da anka yi mini baftisma kai ko rarrafe ba ka fara ba. Kai ne za ka koya mani?"

Ya juya ya koma cikin majami'a. Ni kuwa na tafi gida ina jin kaina kamar annabi.

Gidaje tara suka ƙi zuwa rubuta suna saboda maganata. Cikinsu har da Rifkatu, matar marigayi wana, wadda ke riƙe da jikoki huɗu, ba ta da komai sai 'yar garkarta. Tsakanina da ita akwai wasan ƙanen miji, tun tana amarya muke tsokanar juna. Amma ranar ba wasa ta zo mini da shi ba.

"Ƙanen miji, ka tabbata? In ban samu takin ga ba, ban san mi yaran ga za su ci ba."

Na bugi ƙirji na ce gara yunwa da wuta. Haka na faɗa mata, cikina cike da tuwo.

Sai taki ya fara isowa. Na ga maƙwabcina Musulmi ya sauke buhu biyu daga amalanke, farare tas, ga irin albasa a gwangwani. Na dubi garkata, ƙasa ta gaji kamar ni. Kwana uku ina juya abin a raina, har shaiɗan (ko in ce kwaɗayina, kada in ɗora wa shaiɗan abin da ba nasa ba) ya kawo mini dabara. Ai hannun dama da goshi aka ambata a annabcin. To ni hannun hagu zan miƙa!

Ranar Asabar ita ce ta ƙarshe, kuma masu rubutun sun koma wani lakkol a kan hanyar Ɗan Issa don waɗanda ba su samu ba. Na ce wa matata zan je neman maganin akuya. Na hau kabu-kabu, na rufe fuska da rawani, ni da ban taɓa naɗa rawani ba.

Da layi ya zo kaina na miƙa hagu. Matar da ke riƙe da na'urar ta ce, "Baba, kawo ɗayan ma, duka goma muke ɗauka." Na duba baya, layi ya yi tsawo, ana cewa tsoho ya yi sauri. Na miƙa dama. Ko minti ɗaya ban yi ina jayayya ba, ni da na ce gara yunwa. Kafin in ankara kuma wani ya kama babban yatsana ya tsoma a tawada, wai don kada mutum ya dawo sau biyu.

Buhu biyun da aka ba ni na bar su gidan wani abokina. Amma tawadar fa? Na wanke da sabulu, na goga toka, na matsa lemun tsami, na zuba kananzir, na kankara da dutse har fata ta yi ja. Tana nan, shuɗiya, har cikin farce. Sai na yage tsohon zane na naɗe yatsan, na ce lauje ne ya yanke ni.

Da mai hankali ne ni, da na kwanta ranar Lahadi na ce zazzaɓi. A'a. Na je, na tashi sanarwa, kuma don kada a zarge ni sai na ƙara wuta. Na yaba wa gidaje taran nan, na ce su ne masu jimrewa har ƙarshe. Ina yi ina kaɗa hannu, ƙunshin tsumma yana yawo a sama.

Muna fitowa, jama'a duk suna tsaye a inuwar itacen bedi ana gaisawa, sai Rifkatu ta tare ni. Ita ce mai maganin rauni a ƙauyenmu, kowa ya yanke wurinta yake zuwa.

"Ƙanen miji, wane irin ɗauri ne wanga kamar na jaki? Kawo in gani, kada ya ruɓe."

"Bar shi, Yaya, ya yi sauƙi."

"Ji shi, tsoho da tsoron magani! Kawo nan."

Ta cafke hannun. Mace ce mai ƙarfin daka, ni kuwa ƙarfina a baki yake. Kafin in fizge ta warware tsumman. Ba rauni, ba jini. Yatsa lafiyayye, shuɗi kamar an tsoma shi a marina.

Kowa a wurin ya san tawadar nan, sun gan ta a hannun maƙwabtansu. Rifkatu ba ta saki hannun ba, sai ma ta ɗaga shi sama yadda na baya za su gani.

"Wane lauje ne mai jini shuɗi?" in ji ta. "Kai ka ce mani wuta. Na zauna ina kallon jikokin ɗan'uwanka ina kuka, ina cewa na zaɓi Allah. Ashe kai taki ka zaɓa! Jiya anka rufe, ko? Jiya! Ko ka taho ka ce mani, Yaya, na yi kuskure, tashi mu tafi tare?"

Na buɗe baki, kuma ku ji abin da ya fito: "Ai da hagu na fara miƙawa."

Wani ya fashe da dariya, wasu suka bi shi. Rifkatu ba ta yi dariya ba. Ta jefa mini tsumman a ƙirji ta wuce. Dariyar ba ta dame ni kamar bayanta da na gani tana tafiya ba.

Da yamma na ɗauko buhunan a amalanke, a idon kowa ba a ɓoye ba, na kai ɗaya gidanta, ɗayan aka raba wa sauran da kwano. Buhu ɗaya ga gida takwas, ku ma kun san abin da zai yi. Albasarsu ta fito ƙanana a shekarar, kuma ni ne sanadi. Rifkatu ta karɓi buhun ta shige ciki. Wata biyar ba ta amsa gaisuwata, kuma wasan da ke tsakaninmu bai dawo yadda yake ba har yau.

Sanarwa na ajiye ta da kaina. Na je wurin Pasto na ce ya buɗe mini wurin nan mu karanta. Bai tuna mini da maganar rarrafe ba, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Mun karanta, kuma gaskiya har yanzu akwai abubuwa da yawa game da ƙarshen zamani da ban gane ba. Bambancin kawai, yanzu ina iya cewa ban gane ba.

Don haka ina roƙonku, musamman ku masu furfura da ake jin maganarku, kada ku yi irin tawa. Kafin ka hana wani abincinsa da sunan Allah, fara hana kanka tukuna, ka ga kwana nawa za ka kai. Ni ko mako biyu ban cika ba.