Sai-Da-Ni Ya Tafi Hutu da Makulli

"Ku rubuta ku ajiye, in na bar ofishin nan na kwana biyu, sai an rufe kamfanin an sallami kowa."

Haka mutumin namu ya faɗa ranar da aka ba shi hutun shekara, yana tsaye a tsakiyar ofis, hannu ɗaya a aljihu, ɗaya yana kaɗa makulli. Kada ka tambaye ni sunansa na gaskiya, abokina, don ni ma na manta. Kowa Sai-Da-Ni yake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa. In za a matsar da tebur, sai da shi. In za a canza ƙwan fitila, sai da shi, ba wai don zai hau kujera ba, a'a, don ya tsaya a ƙasa yana cewa a murɗa hagu.

Akawu ne a wani kamfanin sayar da fenti, saurayi mai ƙwalisa, mai takalmi da ƙara. Burinsa a duniya ɗaya ne, kujerar mataimakin manaja da za a cike a ƙarshen wata. Duk mulkin da yake taƙama da shi kuwa bai wuce makullin wani tsohon kabad na katako ba, inda ake ajiye hatimin kamfani. Ba a fitar da ko gwangwani ɗaya daga sito sai an buga hatimin nan a rasit. Don haka gogan naka ya shirya dabara: ba zai miƙa makullin ga kowa ba, zai tafi da shi gida. Aiki zai tsaya cik, Manaja zai kira shi yana roƙo, shi kuma ya dawo ya ceci kamfani. Daga nan kujera ta zama tasa. Ya zura makullin a igiyar takalmi, ya rataya a wuya, ya hau mota.

Umma ta tarbe shi da murna har da ƙwalla, don rabonta da shi tun hutun bara.

"Sannu da hanya, ɗan albarka. Wannan karon dai za ka zauna mana ko?"

"Umma, kada ki sa rai da ni sosai. Ko yaushe za a iya kira. Kin san wurin nan in ba ni, ba kowa."

Ƙanwarsa Auta, wadda ke koyon aikin jinya, ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ikon Allah! To wa ke fito musu da rana yau da ba ka nan, Yaya?"

Bai kula ta ba. Ya zaga gidan da hannu a baya, ya ga kowa na shiga ɗakin ajiyar abinci ya ɗebi sukari yadda ya ga dama. Ya girgiza kai ya ce gidan nan ba tsari, ya karɓi makullin daga hannun Umma, ya haɗa da na ofis a wuyansa. Daga ranar, duk mai son shan shayi sai ya nemo Sai-Da-Ni ya yi masa bayani.

Umma ba ta nemi abu mai yawa ba. Ya ɗaura mata labulen falo, ya duba famfon da ke ɗiga, ya raka ta ta gaida yayarta da ke fama da ciwon ƙafa. Labule, ya ce in yana kan tsani aka kira fa? Famfo, ya ce hannunsa zai jiƙe. Gidan yayar Umma kuwa, ya ce ya san unguwar, waya ba ta kamawa. Ya ƙure ƙarar wayarsa, ya jingina ta da kofi a kan tebur, ya zauna ya tasa ta a gaba kamar mai jinyar mara lafiya.

Ta yi ƙara kuwa. Ya zabura har ya ture kujera, ya gyara murya, ya ce, "E, ina sauraro, kada ku firgita." Kamfanin waya ne ke tallan sabon tsari. Da ta sake yin ƙara, wata mata ce ke neman telanta, ta wanke shi tas a kan ɗinkin da ba a gama ba kafin ya samu ya ce ba shi ba ne.

Kai da ni da mun fara zargin wani abu. Shi kuwa sai ya gane cewa laifin gidan ne, katangarsa ta cika kauri, kira na zuwa yana komawa. Ya kafa tsani da hantsi, ya haye rufin ɗaki, ya zauna kusa da tankin ruwa da waya a sama. Ana nan sai ga Kawu, ƙanin Umma, tsohon direban babbar mota mai murya kamar ham ɗin mota, ya zo aron tsani. Ya ga tsani a jingine, ya saɓa a kafaɗa ya yi tafiyarsa. Har yau ana gardama a gidan ko ya san da mutum a sama.

Rana ta take. Auta ta fito tsakar gida ta ɗaga kai.

"Yaya, jefo makullin, za mu ɗora girki."

"Ba a jefa makulli. Ƙa'ida ce."

"To sauko ka buɗe."

"Ba tsani."

"To jefo makullin!"

"Na ce miki ƙa'ida ce!"

Haka gidan ya wuni da yunwa, shi kuma yana gasuwa a kan kwano, yana sauya ƙafa, har Kawu ya gama abin da yake yi ya dawo da tsani. Ya sauko fuska ta yi jawur, waya ta mutu, ba wanda ya kira.

Daga nan fa Auta ta samu abin yi. Ko cokali ya faɗi sai ta ce, "Yaya, gudu, Manaja ne!" Abin ya ishe shi, sai ya lallaɓa shagon mai askin bakin layi, abokinsa tun suna yara, suka ƙulla magana. Mai aski zai kira shi da yamma, lokacin da kowa ke falo, ya yi muryar manya. Ladansa fenti kyauta na shago.

Da yamma kuwa waya ta ɗauki ƙara. Sai-Da-Ni ya bar ta ta ɗan yi, don kowa ya ji, sannan ya buɗe lasifika.

"Ranka ya daɗe," in ji murya mai kauri, "ni ne Manaja. Kamfani ya rikice. Ka taimaka mana ka dawo, don girman Allah."

"Haba Manaja, ina tare da iyalina fa. Mutum ba zai huta ba?"

Abin da bai lissafa ba shi ne Kawu. Tsohon ya miƙe ya fizge wayar.

"Kai Manaja kake ko wa? Ba ku da tausayi ne? Yaro ya zo ganin uwarsa, kun hana shi sakat! Ya hau rufi saboda ku, ya..." Sai ya kanga wayar a kunne. "Tsaya. Wannan ƙarar injin aski nake ji? Kai! Ba kai ne ka yanke ni a ƙeya makon jiya ba?"

"Kawu, ka yi haƙuri, wallahi shi ya ce in kira. Ya ce zai ba ni fenti."

Auta ta faɗi daga kan kujera tana riƙe da ciki. Kawu ya yi dariya har da tari. Umma ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta dubi ɗanta ta ce, "Shekara guda ina jiran hutun nan. Jakarka ta zo, takalmanka sun zo, kai ban gan ka ba."

Maganar ta taɓa shi, gaskiya, har ya sunkuyar da kai. Amma ka san halin mutumin. Kafin gari ya waye ya samo bayani: kunya ce ta hana su kira. Suna can aiki ya tsaya, motoci sun yi layi, Manaja ya dafe kai, girman kai kawai ya hana shi ɗaga waya. Babban ma'aikaci ba ya jira a roƙe shi. Ya haɗa jaka, ya bar labule a ninke da famfo na ɗiga, ya ce wa Umma aiki ya kira, ya tafi tun hutu bai kai rabi ba.

Ya isa kamfani yana shirin ganin tashin hankali. Abin da ya gani motoci ne ake ta loda wa fenti, leburori na waƙa. Ya shiga ofis ya tarar da raha. A kan teburinsa an jera butar shayi da kofuna da gwangwanin madara, an ma shimfiɗa ɗan ƙyalle mai fure. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ciro makulli daga wuya, ya ɗaga sama yadda kowa zai gani.

"Ku kwantar da hankalinku. Na dawo."

Mai karɓar kuɗi ta ɗago ta ce, "Sannu. Ɗan matsa, zan wuce." Ta nufi kabad, ta ja shi gaba kaɗan, ta zura hannu ta baya, ta ciro hatimi, ta buga a rasit, ta mayar, ta tura kabad da gwiwa.

"Me... me kika yi yanzu?"

"Hatimi na ɗauka. Ai bayan kabad ɗin kwali ne, tun bara ya fita. Kowa ta nan yake ɗauka."

"Tun bara? To ni da nake buɗe muku kullum?"

"Wannan in ba ma sauri ne. Mun ga kana jin daɗin abin."

Ana cikin haka sai ga Manaja ya fito da kofi a hannu. Ya ga Sai-Da-Ni da jakar tafiya, ya ɗaure fuska.

"Ina za ka da jaka da tsakar aiki?"

"Dawowa na yi, yallaɓai. Daga hutu."

"Au, wai ka yi tafiya ne?" Manaja ya tsaya yana tunani, sai fuskarsa ta washe. "Shi ya sa! Tun kwanakin nan nake cewa me ya faru ofishin nan ya yi daɗi, aiki na ta gudu, ba gardama. Ashe ba ka nan ne. Ka ga, koma ka ƙarasa hutunka. Na ƙara maka mako biyu."

"Yallaɓai, maganar kujerar mataimaki fa?"

"In ka dawo ka gaishe ta," in ji Manaja, yana nuna mai karɓar kuɗi da kofi.

Daidai nan wayar da aka yi kwana da kwanaki ana gadi ta ɗauki ƙara, har tagogi na amsawa. Sai-Da-Ni ya ga sunan Umma, ya shafa wuya, ya ji makulli na biyu. Ashe da na ɗakin abinci ya taho! Ransa ya ɗan dawo. Ko ba komai akwai inda ake nemansa a duniya, kuma gara mutanen nan su ji da kunnensu. Ya buɗe lasifika ya ɗaga wayar sama.

"Umma, na sani, makulli ne. Kada ki damu, yanzu zan kamo hanya in buɗe muku."

"A'a, yi zamanka, ɗan albarka, kada ka bar aiki saboda mu," in ji Umma. "Dama kira na yi in ce ka jefar da shi. Kawunka ya ɓalle kwaɗon tun kafin ka kai tasha."