Tokar da Na Ɗiga wa Hadiza

A shekarar farin nan da kumatun kowa suka zurma, sai na ga muƙamuƙin 'yata Hadiza ya buɗe. Ni da na taɓa zama ajin kimiyya, nan take na yanke hukunci: hangum ne. Inna ta ce in bar yarinya, na ƙi. Kwana bakwai ina ɗiga mata toka a kumatu, sannan na goya ta a keke har asibiti.

Malamar asibiti ta ce, "Malam, girma ne. Fari ne ya zurma mata kumatu, shi ya sa ƙashin ya fito."

Allah ya jiƙan Inna, har hawaye ta yi don dariya. Yau Hadiza na da jikoki, amma da yarinya ta fara girma sai ta ce, "Ku ɓoye toka, ga Baba nan."