Hoton Takalman Surukaina

Ba zan taɓa mantawa da ɗaurin auren ƙanwar matata a Babura ba, ranar da na naɗa kaina mai hoto. Ba wanda ya sa ni. Ni na bugi ƙirji na ce kar a kira kowa (alhali ban taɓa ɗaukar hoto da wani abu ba in ba waya ba).

Na aro kyamara da sandarta mai ƙafa uku wurin abokina Sagir a Kazaure. Yana min bayani, ina ta "Na sani, na sani."

Da na isa Babura, babur ɗina ya ƙi tsayuwa, ƙafarsa sai nutsewa take a rairayi. Na lalubi jakar kyamarar Sagir, na ci karo da wani ɗan fallen ƙarfe mai sukuru a tsakiya, na tura shi ƙarƙashin ƙafar. Babur ya tsaya cak. Har na yaba wa Sagir a raina, na ce mutumin nan akwai tanadi.

Sai kuma kyamara ta ƙi zama a kan sandar. Na juya, na danna, na hura, a banza. Na kwanto robar ɗaure kaya daga babur na naɗe ta tamau.

Kakan matata, Baba Alhaji, rabonsa da hoto tun na fasfon Makka. Da ƙyar aka shawo kansa. "Sau ɗaya," in ji shi, "kuma kar a ɓata min lokaci." Dangi suka jeru. Na saita kyamara ta ɗauka da kanta, na ruga na tsaya kusa da shi ina washe baki.

Muna kallo kyamara ta fara sunkuyar da kai a hankali, kamar mai gaida surukai. Sai ƙyas!

"Ya yi?"

"Ya yi, Baba," na ce. Ya shige gida.

Matata ta ce, "Mu gani." Takalma ne reras, na Baba a tsakiya.

Na koma gefe na kira Sagir. Ya ce, "Ina ɗan ƙarfen da na ce ka murɗa sukurunsa a gindin kyamara? Shi ke riƙe ta ai."

Na waiwayi babur ɗina. Wallahi ji na yi kamar in nutse a rairayin nan.

Matata ta wanke hoton ta rataye a falo, duk baƙon da ya zo sai ta nuna masa ƙafar kakanta. Ni kuwa yanzu, ko tsintsiya na aro, sai na tsaya mai ita ya gama bayani.