Rasuwar Mavis, A-kori-kurar Gidan Dunstan

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Clarrie Dunstan, mai kiwon tumaki a hanyar Booligal, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Mavis, a-kori-kurar da mahaifina ya bar min. Ta rasu ranar Lahadi da hantsi a bakin ƙofar gona, tana da shekara hamsin da 'yan kai.

Marigayiyar ba mai gaggawa ba ce, amma ba ta taɓa barina a hanya ba. Ta yi dakon gashin tumaki da ciyawa, shekarun fari kuma ita ta shayar da garken. A kujerarta matata Noeleen ta yi naƙudar 'yarmu Raelene har muka isa asibitin Hay. Da safe takan yi kirrr, kirrr, ta yi tari ɗaya, sannan ta kama tuf-tuf-tuf ɗinta, karnuka su sheƙo su haye baya.

Ina so jama'a su sani cewa ba jinya ta yi ba. Ni ne na yi jinya. Da za a yi min aikin ƙugu a Griffith, na damƙa makullinta ga Wal Prendergast, aminina tun firamare, wanda ya yi min abokin ango.

Na ce, "Wal, baƙin mai kawai za ka canza mata."

Ya ce, "Haba tsoho, je ka a gyara naka ƙugun, nata ka bar min."

Ina kwance ya cire injinta mai silinda shida, ya dasa mata mai takwas da ya samo a jikin wata motar da ta yi haɗari. Injin ya zauna, amma bututan hayaƙin da ake ɗaura masa kafin salansa suka ƙi. Na ɓangaren direba ya tokari akwatin sitiyari. Maimakon ya tsaya, sai Wal ya gasa bututun da wutar walda, ya bi shi da guduma har ya shige dole, ya kwanta a jikin tiyon fetur.

Ranar da aka sallamo ni na tarar da shi a gareji yana washe baki. "Tayar da ita ka ji, baƙauye!"

Na murɗa makulli. Wani irin ruri ta yi, burum-burum, har kwanon rufi na karkarwa. Karnuka suka shige ƙarƙashin tanki. Na ce, "Ina injinta?"

"Wannan tarkacen? Ai na kai bola."

Don kar in kunyata shi na ja ta. Kafin ƙofar gona na ji warin fetur, sai wuta ta ɓullo ta gefen bonet. Da sabon ƙugu na kasa fita. Raelene ce ta rugo ta fizgo ni ta kwala, muka zube a ƙasa. Maƙwabta suka zo da tankin ruwa suka tare wutar kafin ta ci ciyawa. Mavis kam ta tafi.

Da farko na ɗauka ganganci ne irin na aboki, har na fara neman yadda zan yafe. Sai shekaranjiya Raelene ta dawo daga bakin kogi ta zauna kusa da ni.

"Baba, injin Mavis yana gonar Kawu Wal. Shi ke ja masa ruwa daga kogi. Tun daga titi na gane muryarsa."

Wal ya daɗe yana roƙona in sayar masa da injin nan ina ƙi.

Marigayiyar ta bar ni, da Noeleen, da Raelene wadda tafin hannunta ke naɗe da bandeji, da karnuka biyu, da taya ɗaya ta safaya da wuta ba ta taɓa ba. Ta kuma bar injinta, yana aikin bauta a gidan wani.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe. Ba za a kai ta wurin 'yan gwangwan ba. Tarakta za ta ja ta zuwa gindin babbar bishiyar turare da ke bayan rumfar askin tumaki, kusa da inda muka barbaɗa tokar mahaifina bayan an ƙona gawarsa. Bayan nan Noeleen za ta gasa naman rago, kowa ya zo da kujerarsa. Masu ɗaukar gawa huɗu ake bukata don tura ta kan tirela. Na samu uku, kuma ba zan buga wa na huɗun waya ba.