Mashin da Ya Soki Cindo

Wani mutum ne a Ƙafur ana ce masa Cindo. In dai cika baki ne, a bar wa Cindo kayansa. Dako ya je yi Kaduna, amma da ya dawo sai ya ce shi ɗan wasan kwaikwayo ne, ya girgiza dandamali har Turawa sun sa shi a fim, irin na da ɗin nan da ba ya magana.

"Sarkin yaƙi na fito," in ji shi. "Aka soke ni da mashi a ciki, na dafe wurin, na ci gaba da gudu. Baturen da ke ɗauka sai da ya yi hawaye."

To wa zai ƙaryata? Ya ce fim ɗin yana can Ingila a kulle.

Duk wannan ɓaɓatu don Kyallu ne, wata bazawara mai ɗanwake, mace mai tsabtar da ko ƙuda ba ya kusantar kwanonta. Ta fara sakin jiki, tana ƙara masa mai da yaji, har an soma maganar kai goro.

Ran nan kwatsam sai ga motar majigi. Bayan magariba aka kafa farin ƙyalle a bakin kasuwa. Cindo ya sha babbar riga, ya hakimce kusa da Kyallu, kwanon ɗanwake a gabansa, yana ta kushe 'yan wasa tun ba a fara ba.

Inji ya ce ƙirrr. Sai ga mutum a jikin ƙyalle, dafe da ciki, yana sheƙa gudu.

"La, ga Cindo!" in ji wani yaro.

Gumi ya karyo wa gogan, amma ya maze, ya miƙe tsaye. "Ba na gaya muku ba? Nan ne aka soke ni."

Wani tsoho ya ce, "Ɗan nan, wane irin yaƙi ne ake zuwa da buta?"

"Baba, garkuwar ce ta faɗi."

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Cindo ya manta cewa fim ba ya magana, amma majigi yana tafe da mai bayani da lasifika.

"Jama'a, ku dubi wannan ƙazamin," in ji lasifika. "Ya ci abinci bai wanke hannu ba. Yanzu zawo ya kama shi, ga shi zai shige bayan kargo."

Wuri ya kece da dariya.

"Ku jira dokina," in ji Cindo. "Yanzu zai fito."

Ai kuwa sai ga shi an kifa shi rub da ciki a kan jaki, za a kai shi asibiti, ƙafafu na lilo.

Kyallu ba ta yi dariya ba. Ta dubi ƙyalle, ta dubi hannun Cindo da ke shirin komawa cikin ɗanwake. A hankali ta janye kwanon, ta rufe da faifai.

"Sarkin yaƙi," ta ce, "wannan mashin dai ba a kwanona zai sake samunka ba."