Rakiyar Nomau

A ƙauyen Tungar Gawo an yi wata tsohuwa, Inna Tabawa, mai 'ya'ya biyu maza. Babban, Shekarau, ya yi karatu ya tafi Turai, tun daga nan ba a sake ganin ƙeyarsa ba, sai dai murya a waya. Ƙaramin kuwa, Nomau, irin mutanen nan ne da in ka ce masa ya zauna, ko gobara ta tashi yana nan zaune. Idanun Inna sun fara dushewa, ba ta da wani buri sai ta ga fuskar Shekarau kafin hasken ya ƙare. Da ta matsa masa, sai ya ce aiki ya yi masa yawa, amma su zo su same shi hutu a wani tsibiri cikin tekun Bahar Rum. Inna ta ce gwiwar da ba ta hawa jaki ina za ta hau jirgi? Nomau ya je.

Wata rana Nomau ya gangara bakin teku ya tarar da Turawa birjik kwance a rana, sun yi jajur kamar shanyar barkono. Tausayi ya kama shi, don Inna ta sha gaya masa duk wanda ya gani kwance a rana ba lafiya ba ce, ya ja shi inuwa. Ya naɗe hannun riga, ya kama ƙafafun wani ƙato ya fara ja. Ƙato ya kurma ihu, Shekarau ya sheƙo a guje.

"Kai Nomau! Da gangan suka kwanta!"

"Yaya, ai abin ya fi muni ke nan. Ciwon ya taɓa kai."

Kafin a riƙe shi har ya kai mutum na biyu gindin bishiya.

Wata rana kuma suka shiga kwalekwale yawon zagaya tsibirin. Mai kwalekwale ya ba kowa rigar hana nutsewa mai launin ruwan lemo, Shekarau ya ja kunnen ƙanensa: "Kada ka kuskura ka cire ta." Shi ke nan. Da ita Nomau ya ci abinci, da ita ya yi salla, da ita ya kwana. Washegari mai kwalekwale ya biyo sawun rigarsa har masauki.

"Cire ka ba shi kayansa," in ji Shekarau, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Jiya da bakinka ka ce kada in cire. Babba ba ya magana biyu."

Mai riga ya yi dariya har da hawaye, ya ce ya bar masa.

Wata rana tura ta kai bango. Shekarau ya ce hutu ya ƙare, ya tasa Nomau gaba har bakin babban jirgin ruwan da ke fita tsibirin, ya damƙa masa tikiti, ya juya. Bai yi nisa ba ya ji taku a bayansa.

"Me ya sauko da kai?"

"Inna ta ce in babba ya raka ka, kada ka bar shi ya koma shi kaɗai."

Jirgi ya yi ƙara ya tafi. Washegari aka sake, Nomau ya sake biyo shi. Shekarau ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya rantse sai ya haɗa shi da 'yan sanda. Nomau ya gyara tsayuwa cikin rigarsa.

"Kira su, Yaya. In sun raka ni, su ma sai na mayar da su."

Dole Shekarau ya shiga jirgin da shi. A filin jirgin sama ma aka maimaita, haka a Kano, haka a tashar mota. Duk inda ya ce to nan zai juya, sai Nomau ya saɓi jaka zai raka shi. Shekarau na tafe yana huci, yana cewa bai taɓa ganin sakarai irin wannan ba, har suka tsaya a ƙofar gidan da ya baro.

Inna na zaune a tabarma. Ba ta iya bambance fuska daga nesa, amma launin rigar nan mai ruwan lemo ya shigar mata ido.

"Nomau ne? Wa ke bayanka?"

"Ɗan rakiya ne, Inna."

Shekarau ya durƙusa. Ta kama fuskarsa da hannu biyu, ta matso da ita dab da tata, ta daɗe tana kallo.

"Ashe har ka yi furfura," in ji ta. "Na gan ta."

Nan Shekarau ya fashe da kuka irin na yara, don ya gane da ya ƙara jinkiri, ko wannan furfurar ba za ta gani ba.

Nomau dai na tsaye da jaka a kafaɗa. "Yaya, in ka huta tashi mu je in mayar da kai."

Shekarau ya share ido. "Zauna, Nomau. Ba yanzu ba."

Nomau ya zauna. Ka kuwa san shi da zama in an ce ya zauna.