Ledar da Ta Kashe Kwamfutar Injiniya

Duk abin da zan manta a sana'ata, ban da ranar da na kai wa Injiniya Bukar kwamfutarsa a Demsawo.

Lokacin ba mu daɗe da baro Mubi ba, ina raɓe a shagon Hamma, yayana, a Jimeta. Ba mai yarda mace ta haɗa masa kwamfuta, sai dai in goge ƙura. Injiniya ne ya fara gwada ni. Mai zanen gine-gine ne, yana son na'urar da ba za ta suma a zafin Maris ba. Ya ce in ta yi kyau, na sauran ma'aikatansa ma ni zan haɗa. Aikin nan nake so kamar me.

Na zuba mata ram masu gudu, wato sandunan da ke ƙara mata sauri, irin masu fitilu, da fankoki gaba da baya, da wani ƙaton ƙarfen sanyaya a kan furosesa, ƙwaƙwalwar na'urar. Don zumuɗi, kunnawa kawai na yi na ga haske na kashe (gwaji ai na masu shakka ne, in ji ni).

A ofis ma'aikata suka kewaye ni. Na gyara mayafi na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ko a tsakiyar rana ka ajiye ta, mura za ta yi."

Ya buɗe wani babban zane. Fankoki suka hau ihu, allo ya yi ɗif.

Na ce wuta ce. Aka nuna mini fankar sama tana juyawa abinta. Na ce zafin Yola ne. Na ma ɗan zagi wanda ya sayar mini da ram, bawan Allah. Injiniya dai ya ce, "To 'yata, buɗe mu gani."

Na kwance ƙarfen, na juyo ƙasansa. Ga ledar kamfani manne, da jan rubutu ɓaro-ɓaro cewa a cire kafin a ɗaura. A kanta na shafa man da ke kai zafin furosesa cikin ƙarfen, har da lailayewa, ledar kuwa ta tare zafin. Wallahi ji na yi kamar in shige cikin akwatin in rufe.

Ba wanda ya lura tukuna, zan iya dunƙule ta a hannu. Amma na ɗaga ta sama na ce, "Ga mai laifin, ga kuma wadda ta bar ta."

Aka yi dariya har da riƙe ciki. Na goge, na sake shafa mai, na ɗaura. Na'urar ta wuni tana aiki, ko gumi babu. Da la'asar Injiniya ya ce, "Sauran ma ki haɗa. Amma ki riƙa kawo mini ledar a hannu."

Yau shagona nake a Luggere, har yanzu Hajiya Leda suke kirana, ina kuma amsawa. Na dai koyi cewa in na'ura ta yi zafi, aikin hannuna zan fara dubawa kafin in ɗora wa rana.